Galan Kufuor da Tsagaggen Zobe

Yarinyar da ta saba ɗiban ruwa a bakin famfo a unguwar Aboabo ko Asawase ba sai ta leƙa ba take sanin galan ya cika. Kunne ke gaya mata. Rawayan galan ɗin nan da ake kira galan Kufuor yakan fara da kakkaurar murya, ruwa na hawa, muryar na sirancewa. Iskar cikinsa ce ke amsawa. Igiyar wannan sauti ta ninka tsawon galan sau da yawa, amma yana riƙe ta, domin iska na kai da komo da ƙarfi a ƙuntataccen wuyansa.

Akwatin ƙarfe ma haka yake amsa igiyar rediyo. A tandun maikirowef tsawon igiyar kusan santimita 12 ne, ƙarfin lantarki kuwa yakan taru a nan ya raunana a can, shi ya sa faranti ke juyawa don kada abinci ya yi zafi ɓari guda. Sai dai akwati irin wannan dole faɗinsa ya kai aƙalla rabin igiyar, in ba haka ba ba zai amsa ba.

A 1999 John Pendry na Kwalejin Imperial da ke Landan da abokan aikinsa suka nuna dabarar ƙetare wannan iyaka: ɗan zoben jan ƙarfe da aka tsaga. Lantarki na zagaya zoben, ƙarfinsa na cunkushewa a tsagar. Tsagar nan ita ce wuyan galan. Gwargwadon ƙuncinta, gwargwadon tsawon igiyar da zoben zai riƙe. In aka jera irinsa da yawa tare da siraran wayoyi, sai a samu abin da ake kira metamatiriyal. A 2001, a San Diego ta Amurka, David Smith da abokansa suka ga igiya ta shige shi ta karkata ɓangaren da ba ta saba ba, yadda Victor Veselago na Rasha ya lissafa tun 1967.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne awo. Ɗigon ruwa ko mai in ya zauna a tsagar, nan take muryar zoben ke sauyawa, da haka ake gane ko an yi algus. Kuma a kan allon lantarki irin na cikin rediyo ake zana shi, ba ya cin kuɗi.

'Ya'yan Zango da ke karatun injiniya a jami'ar KNUST, ku nemi malamanku ku gwada wannan awo a kan ruwan rijiyoyin unguwa.