Ƙafar Gaba: Gyaran da Masu Fowil Ke Mantawa da Shi

Direban da ke zirga-zirgar kasuwannin ƙauye da Land Cruiser ko tsohuwar Hilux ba ya wasa da juyen baƙin mai. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da a buɗe masa ƙafar gaba a duba boris, sai ya ce ai ba ta yi ƙara ba tukuna. Alhali duk ranar da boris ya fara kuka, ya riga ya lalace, saura canji.

A irin waɗannan motoci, kowace tayar gaba tana juyawa ne a kan boris biyu, na ciki da na waje. Ƙwayoyinsu ba mulmulallu ba ne, 'yan gajerun sanduna ne masu tsukewa a baki ɗaya, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898. Su ke ɗauke da nauyin gaban mota, su kuma ke shan matsi idan an sha kwana da lodi. Abin da ke kare su giris ne da robar sil guda a baya.

Ruwa da yashi su ne manyan maƙiyansu. Mota ta yi tafiya mai nisa, ƙafa ta ɗau zafi, sai a tsunduma cikin rafi. Iskar ciki ta huce nan take, ta zuƙo ruwa ta gefen sil. Ranar ba za a ga komai ba. Bayan 'yan makonni idan aka buɗe, giris ya koma kamar kunun kanwa, tsatsa ta ɗiɗɗiga a jikin ƙarfe. Masu ratsa rairayin Agadas zuwa Dirku kuwa, yashi ne ke shiga yana goge ƙarfen a hankali.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, akwai sako-sako. A juya ta da hannu a kasa kunne. A kan hanya kuma, gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana canzawa idan an karya sitiyari, yawanci na boris ne.

Wurin aikin ne ake yawan yin ɓarna, shi ya sa nake ganin mai mota ya tsaya a gareji da kansa. A wanke tsohon giris tas da kananzir, a bari ya bushe, a duba ƙarfen a haske. Wanda ya yi shuɗi ya ƙone, ba ya komawa. In za a canza boris, a canza shi tare da zoben da yake kwanciya a ciki, sil ma sabo. Giris kuwa ba shafawa ake yi a bayansa ba: a tafin hannu ake zuba shi, a riƙa danna boris har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Kada a gauraya giris iri biyu, wasu ba sa jituwa.

Sai noti. Yaron gareji ya ɗauko kurfi da guduma yana buga shi har sai ya ƙi motsi, wai don kada taya ta fita. Wannan ɗauri shi ke kashe sabon boris da zafi. Akwai ma'auninsa a littafin motar, akwai kuma sifana mai awo. Ana ɗaurewa ana juya taya, a sassauta, a sake daidaitawa, sannan a sa wosha da noti na biyu, a lanƙwasa kunnen woshan ya kulle shi.

Makunnin da ke tsakiyar taya, mai rubutun FREE da LOCK, giris kaɗan yake so. In an cika shi, sai fowil ya ƙi shiga a tsakiyar taɓo.

Hilux ɗin da aka fara fitarwa daga 2005 boris ɗinta a rufe yake, ba a yi masa giris, sai dai canji da injin matsi. Kai kuwa mai tsohon yayi, da zarar damina ta ɗauke, kai motarka a buɗe ƙafafun gaba duka biyu.