Kainuwa da Tace Gurɓataccen Ruwa: Aikinta da Matsalar Sunanta

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan yi wa kainuwa kirari da "dashen Allah", domin ba a shuka ta, kuma saiwarta ba ta kama ƙasa. Tun a 1916 Dalziel ya nuna a ƙamusunsa na tsirran ƙasar Hausa cewa ita ce masana ke kira Pistia stratiotes. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan tsiro ke tace ruwa, da kuma wata matsalar suna da ke fuskantar mai fassara.

2.0 Yadda Take Tacewa

Akan tara ruwan ƙazanta a kududdufi marar zurfi, a bar kainuwa ta rufe samansa. Saiwoyinta da ke reto cikin ruwa sukan tare laka, su kuma tsotse naitarojin da fosfaras, wato sinadaran da ke cikin takin zamani. Amma mafi yawan aikin na ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a jikin saiwoyin suna narkar da ƙazantar.

Sharaɗin shi ne kwashewa a kai a kai. Idan aka bar tsiron ya ruɓe a ciki, duk abin da ya tsotsa zai koma ruwan. Haka kuma tsutsar sauron Mansonia, mai yaɗa ciwon tundurmi, a jikin saiwar kainuwa take maƙalewa ta shaƙi iska.

Dabarar ta fi dacewa da garuruwa irin Zonkwa da Kafanchan, inda ƙazantar galibi ta mayanka ce da kasuwa da gidaje, ga kuma fili. Kainuwar da aka kwashe a nan tana iya zama taki. Ba haka abin yake ba a Challawa da Sharaɗa a Kano, inda ruwan kamfanonin jima ke ɗauke da kuromiyam. Tsiro yakan tara wannan ƙarfe ne a jikinsa, ba ya narkar da shi, don haka bai kamata ya shiga gona ko bakin dabba ba.

3.0 Matsalar Suna

Shahararren gwajin da hukumar NASA ta yi a Misisifi ta Amurka a shekarun 1970 ba da kainuwarmu aka yi shi ba. An yi shi ne da Eichhornia crassipes, mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka. Ita ce ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, ta toshe hanyoyin jiragen ruwa, ta hana masunta kamu, domin cikin mako biyu takan ninka yawanta. Mai fassarar da ya kira tsirran biyu "kainuwa" a takardar wayar da kai yana iya sa manomi ya ɗauko annoba ya zuba a rafin garinsu. Ya fi kyau a bar wa ta gida sunanta, a kira ɗayar "baƙuwar kainuwa", a kuma ambaci furenta a duk inda sunan ya fito.