'Yan Tawayen Zariya: Ɗaliban da Suka Sauya Alƙiblar Zane a Najeriya

A watan Oktoba na shekarar 1958, saura shekara biyu Najeriya ta samu 'yancin kai, wasu ɗalibai 'yan ƙalilan suka kafa ƙungiya a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Samaru, Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masu koyon zane da sassaƙa ne, kuma abin da ya haɗa su tambaya ce guda ɗaya: idan Turawa suka naɗe tutarsu suka tafi, da wane irin hannu ɗan Najeriya zai riƙa zane? Sun kira kansu Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Sunan da ya bi su daga baya, wanda kuma ya fi yaɗuwa, shi ne 'Yan Tawayen Zariya.

Ba su ne suka fara zanen zamani a ƙasar nan ba. Tun farkon ƙarni na 20 Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zana fuskar mutum kamar a taɓa ta yi magana, don ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya irin wannan aiki ba. Shi ne ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba har aka sa zane a cikin darussan makaranta, aka kuma kawo wani malami daga Ingila, Kenneth Murray, a 1927. Murray ya ɗauki wata hanya dabam da ta Onabolu. A ganinsa yaran Najeriya su riƙe sana'o'in kakanninsu, su zana rayuwar ƙauye, kada su ruɗu da salon Turai. Daga cikin ɗalibansa aka samu Ben Enwonwu, ɗan masassaƙi daga Onitsha, wanda ya shahara har Sarauniya Elizabeth ta zauna masa ya yi mutum-mutuminta na tagulla a 1957. Shi ne kuma mai zanen nan na Tutu, wata gimbiyar Ife, da aka yi gwanjonsa a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2.

To, a tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ɗaliban Zariya suka buɗe ido. Sashen koyar da zane ya taso daga Ibadan ya koma Zariya a 1955, kuma akasarin malamansa Turawan Ingila ne, sai ɗaiɗaikun 'yan ƙasa irin su Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. Manhajar ta makarantun Landan ce aka kwafo. Ɗalibi zai koyi tsarin ƙasusuwa da tsokar jikin ɗan Adam, ya koyi yadda ake nuna nesa da kusa a kan takarda, ya koyi haske da inuwa, ya san sunayen gwanayen Italiya da Faransa. Duk wannan ilimi ne mai amfani, ɗaliban ma ba su ce ba shi da amfani ba. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne, za ka gama shekara huɗu ba a zaunar da kai an karantar da kai tagullar Benin, ko kawunan Ife, ko gumakan yumɓu na Nok ba, alhali Nok ɗin tana nan kudancin lardin Zazzau.

Tawayen nasu bai kai ga fasa taga ko ƙaurace wa aji ba. Suna yin aikin da malami ya ba su, su ci jarrabawa. Bayan an tashi sai su haɗu su yi ta muhawara, kowa ya nuna abin da ya zana don kansa. Idan an yi hutu kowa ya koma garinsu da littafin zane, ya zauna gaban tsofaffi yana tattara tatsuniyoyi, yana kwafar adon bango da na tufafi da na ƙoƙuna, ya dawo ya baje wa 'yan uwa.

A 1960 Uche Okeke, wanda yake shugaban ƙungiyar a lokacin, ya rubuta manufarsu ya sa mata suna Natural Synthesis. Gundarin maganar shi ne, mai zane ya ɗauki kayan aiki da dabarun da ya koya daga ko'ina a duniya, ya haɗa su da abin da ya gada a gida, har haɗin ya zama jiki ɗaya ba tare da an ga ɗinki ba. Ba su yarda a zama 'yan amshin shatan Turai ba. Haka nan ba su yarda mutum ya zauna yana maimaita abin da kakansa ya sassaƙa ba, kamar dai duniya ta tsaya cik tun zamanin kakan. Wannan ɓangare na biyu shi ne mutane suka fi mantawa idan ana labarinsu, alhali shi ne ya fi wuya.

Okeke da kansa ya nuna yadda ake yi. An haife shi a 1933, asalinsa Nimo a ƙasar Ibo, amma a Kafanchan ya tashi, garin jirgin ƙasa da ya tara ƙabilu iri-iri. Abin da ya koma ya tono shi ne uli, adon da matan Ibo suke zanawa a jiki da bangon ɗaki. Ruwan 'ya'yan wata itaciya ake amfani da shi, a ja layi a fata, ya yi baƙi, bayan 'yan kwanaki ya goge, kusan yadda zanen lalle yake a hannun amarya. Mai yin uli ba ta da damar gogewa ta sake, don haka dole hannunta ya tafi a tsaye, layi ɗaya ya lanƙwasa ya zama maciji ko jinjirin wata ko sawun dabba, kuma filin da ta bari babu komai yana da muhimmanci daidai da inda ta zana. Mahaifiyar Okeke ta iya wannan sana'a, a wurinta ya ƙara fahimtar ta. Sai ya ɗauki alƙalami da tawada ya mayar da wannan layi kan takarda, ya zana dodannin tatsuniya da fuskokin mutane da kurmi. Wanda ya dubi jerin zanensa na Oja na 1962 zai ga aiki ne na zamani tsantsa, amma ba za a ce daga Faris ko Landan ya fito ba. Bayan yaƙin basasa ya koma Jami'ar Nsukka a 1970 ya jagoranci sashen zane, kuma daga nan aka samu zuriya guda ta masu zane da uli ya zama harshensu. Ya rasu a 2016.

Abokinsa Demas Nwoko, ɗan sarki daga Idumuje-Ugboko da aka haifa a 1935, ya fi shi zafin kai a kan siyasa. Yana ɗalibi ya yi wani zane mai suna Najeriya a 1959: jami'an mulkin mallaka zaune cikin kayan sarauta, fuskokinsu sun zazzago, gajiya ta bayyana a kansu, a bayansu kuma sojoji baƙar fata tsaye cikin duhu. Ba a rubuta komai a jikin zanen ba, amma duk wanda ya kalle shi ya san mulki ne ya zo gargara.

Inda Nwoko ya fi burge mai nazari shi ne abin da ya yi da Nok. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan yumɓu gasasshe a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kai da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya yi shi da waɗanda aka tono a Nok, ya ci gaba da tattarawa, kuma da yawansu suna gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Shekarunsu sun haura 2,000. Alamarsu ba ta ɓuya: ido mai kusurwa uku da rami a tsakiya, hanci da baki a huje, kitso da tuntu iri-iri. Hujin nan ba ado kaɗai ba ne, yana barin tururi ya fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe.

A tsakiyar shekarun 1960 Nwoko ya zauna ya yi ta gwajin gasa yumɓu da itace har ya samu launi da kaushin jiki irin na Nok. Da ya samu, bai ce zai ƙera kan Nok na jabu ba. Mutanen zamaninsa ya gina: mace mai sarauta, mace 'yar Senegal da ɗaurin ɗankwalinta, sannan a lokacin yaƙi ya gina soja da hular kwano. Ido na Nok ne, jiki na yau ne. Daga baya ya karkata ga gine-gine, ko da yake bai yi karatun zanen gini a makaranta ba. Ya gina wa 'yan ɗariƙar Dominikan majami'a a Ibadan, yana amfani da jar ƙasa da katako da dabarun shigar iska don ɗaki ya yi sanyi ba tare da na'ura ba. A 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban bikin baje kolin gine-gine na birnin Venice a Italiya, saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa.

Bruce Onobrakpeya, Ba'urhobo da aka haifa a 1932, ya zama gwanin buga zane daga faranti. A 1967 ruwan asid ya cinye masa wani farantin ƙarfe fiye da kima, ya cike ramukan da gam ɗin Araldite don ya ceci aikin, da ya buga sai ya ga tudu da kwarin da gam ɗin ya bari sun ba takardar wani irin kauri da bai taɓa gani ba. Daga wannan ɓarna ya fitar da sabuwar dabara da aka san shi da ita a duniya. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan Sahel da kwararowar hamada, kuma tun 1998 yake tara matasa masu zane a garinsu Agbarha-Otor a wani taron horo da ya sa wa sunan hunturu. Yusuf Grillo kuwa, ɗan Legas da ya rasu a 2021, an san shi da shuɗi da shunayya irin na rinin adire, da dogayen mata Yarabawa masu ɗaurin kallabi. Musulmi ne, amma majami'u da dama a Legas gilasansu masu launi aikin hannunsa ne.

Fitattun 'yan ƙungiyar duk daga kudu suka zo, kuma kowa gidansu ya koma ya ɗebo. Wannan ya sa akwai wata taska da ba ta samu rabonta sosai a wannan yunƙuri ba, ita ce ta garin da ya karɓi baƙuncinsu. Tafiyar 'yan kilomitoci daga Samaru, a cikin ganuwa, akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizonsa na ƙasa da azara da zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai. Akwai fuskokin zaure masu dagi da zanko. Akwai aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar da mahaddata suke yi wa allo da Alƙur'ani, da aikin dukawa a fata. Bahaushe ya daɗe yana sarrafa layi da kusurwa da launi ba tare da ya zana mai rai ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da manyan masu zanen Turai na ƙarni na 20 suka yi ta fafutukar kaiwa gare shi. Ƙyamar da gidaje da yawa suke yi wa zanen mai rai da sassaƙa gunki ta taimaka wajen nisanta 'ya'yan Hausawa da sashen zane, aka ɗauka fannin gaba ɗayansa ke nan. Asara ce, domin magini mai yaɓen zane da maɗinkin riga suna da abin koyarwa a wannan aji, kuma manufar da Okeke ya rubuta ta dace da su ƙwarai.

Wanda ya fi duban arewa a cikin wannan tsara shi ne Jimo Akolo, ɗan Egbe a jihar Kogi ta yanzu, wanda ya yi sakandare a Keffi. Ajinsu ɗaya da Okeke da Nwoko, amma ya ja jiki daga ƙungiyar, don a ganinsa bai kamata a shata wa mai zane layin da zai bi ba. Duk da haka makaɗa da mahaya dawaki da 'yan dambe su suka cika zanensa, da manyan riguna da rawuna da ya yanka su gida-gida cikin launuka masu ƙarfi. Sauran sun watse zuwa Ibadan da Legas da Turai, shi kuwa ya dawo Zariya ya koyar shekaru da dama. Ya rasu a 2023.

A waɗannan shekaru dai, a tsohuwar Abuja da ake kira Suleja yanzu, Ladi Kwali tana yin irin wannan haɗi da hannunta ba tare da takardar manufa ba. Ta shiga cibiyar tukwane ta wani Bature mai suna Michael Cardew a 1954, ta riƙe siffar tulun Gbagyi da zanen ƙadangare da kunama da kifi a jikinsa, ta ƙara masa ƙyalli da gashin wuta mai tsanani. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Ƙungiyar ta Zariya ba ta wuce shekara uku ba. An rufe ta a 1961 da jagororinta suka kammala karatu, wasunsu suka shiga kulob ɗin Mbari na Ibadan tare da marubuta irin su Wole Soyinka da Chinua Achebe. Sashen da suka bari a Samaru ya ci gaba da yaye gwanaye, ciki har da Gani Odutokun, mai kwarara fenti a kan ƙyalle ya bar shi ya nemi hanyarsa, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Jerry Buhari na kudancin Kaduna. A watan Oktoba na 2025 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe babban baje koli a kan zanen zamani na Najeriya, da ayyuka sama da 250 na masu fasaha fiye da 50. 'Yan Zariya sun samu wuri mai faɗi a ciki, haka ma tukwanen Ladi Kwali, kuma ɗaya daga cikin hotunan da aka fi yaɗawa don tallar bikin shi ne zanen Akolo na mahayan Fulani na 1962, wanda aka aro daga gidan tarihi na Bristol.