Lufus: ciwon da ake ganewa da lissafi

Ƴan'uwa masu karatu, kun san jikinku yana da dakaru? Cikin jini suke. Aikinsu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. To, akwai wani ciwo da ke rikita dakarun nan, su juyo su faɗa wa jikin da suke tsaro. Sunansa lufus. Ba a ɗaukar shi daga wani, kuma ba sammu ba ne. Cikin mutum 10 masu ciwon, wajen 9 mata ne, galibi masu shekarun haihuwa.

Wuyar ciwon nan ita ce, ba wuri ɗaya yake kamawa ba. Yau gaɓoɓi, gobe fata, wata rana ƙoda ko huhu. Sai mace ta sha maganin masassara nan, ta shafa maganin ƙuraje can, alhali tushen abin ɗaya ne.

Shi ya sa likitoci suka tsara ƙa'idodin gane shi. A shekarar 1982, likitocin Amurka sun jera alamomi 11, suka ce mai 4 daga ciki a lissafa shi cikin masu lufus. A shekarar 2019, likitocin Amurka da na Turai suka haɗu suka fito da sabon tsari mai maki.

Ga yadda tsarin yake. Da farko a yi awon jini mai suna ANA. Shi ke nuna ko dakarun sun fara juyowa kan jiki. In awon bai nuna ba, ba a shiga lissafi. In ya nuna, sai a ba kowace alama makinta. Ga wasu daga ciki:

Kumburin gaɓoɓi biyu ko fiye: maki 6.
Ƙuraje a kumatu da karan hanci, mai siffar malam-buɗe-littafi: maki 6.
Farfaɗiya: maki 5.
Ruwa kewaye da huhu ko zuciya: maki 5.
Furotin mai yawa cikin fitsari, alamar ƙoda ta taɓu: maki 4.
Masassara: maki 2.
Zubewar gashi: maki 2.
Miki cikin baki: maki 2.

In makin ya kai 10, an shiga sahun masu lufus. Mu gwada lissafin. Mace ce awonta ya nuna. Gaɓoɓinta sun kumbura, 6. Gashinta yana zubewa, 2. Tana masassara, 2. Nawa ke nan? 10.

Amma akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya: ba a lissafa alama in akwai wani ciwon da ya fi dacewa da ita. Masassarar cizon sauro ba ta shiga lissafin lufus. Na biyu: ƙuraje da gashi da mikin baki gida ɗaya ne, mai maki mafi yawa kaɗai ake ɗauka. Na uku: ba dole ne alamomin su zo tare ba. Ta bara ma ana lissafa ta.

Ku lura, an yi tsarin nan ne musamman don masu bincike. Ba don ku zauna gida ku yanke wa kanku hukunci ba. Magana ta ƙarshe ta likita ce.

To, mene ne aikinku? In ke ce, ko matarka, ko ɗiyarka, ku je gidan likita ku faɗi duk alamomin, har waɗanda suka wuce. Yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta kowace alama da watan da ta zo, ku tafi da takardar. Kada ku saye magani a bakin kasuwa.

Har yanzu ba a samu maganin da ke raba mutum da lufus ba. Amma akwai magungunan da ke kwantar da shi, mutum ya ci gaba da harkokinsa. Jinkiri shi ke lalata ƙoda. Allah ya ba mu lafiya.