Ko Ka San Kurkunu Aiken Mutum Yake Yi Zuwa Bakin Ruwa?

Tsutsa ce da ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, amma dole ta kai 'ya'yanta tafki. To yaya za ta yi? Sai ta sa mai ƙafa ya kai ta. Tun ranar da na fahimci wannan, al'amarin kurkunu bai bar raina ba.

Mutum zai sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake gani, a cikinsu kuwa akwai 'ya'yan kurkunu. Shiru kake ji har kusan shekara. A wannan tsakani macen ta girma, siririya kamar zaren saƙa, tsawonta kan kai mita 1. Sai ta gangaro ƙafa ta tayar da bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi. Wanda wuta ke ci a idon sawu ina zai nufa? Ruwa mana! Yana tsoma ƙafar, bororon ya fashe, ta fesa dubban 'ya'ya cikin ruwan da gari ke sha. Sanyin da ya ji shi ne ladan aikensa.

Wani dattijo a Birnin Yauri ya taɓa ɗage mini wandonsa ya nuna tabo uku a ƙwauri. Ya ce: "Ɗana, damina guda a kwance na yi ta, gerona ciyawa ta cinye." A wancan zamani da damina kurkunu yake fitowa a yankinmu, daidai lokacin noma.

Har yau ba shi da ƙwaya, ba shi da allurar rigakafi. Yadda kakanni suka yi haka ma'aikatan lafiya ke yi: a naɗe kan tsutsar a tsinke, kullum a ja kaɗan, wani lokaci har makonni. Gaggawa ita ce masifa. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, gyambo ya yi mugunya, wani har ya gamu da ciwon sarƙe haƙora ko gwiwa ta sandare. Shi ya sa ake wanke wurin kullum, a shafa man kashe ƙwayoyin cuta, a ɗaure da bandeji. Ƙafar kuma a bokiti ake tsoma ta, a zubar da ruwan nesa da tafki. Wato an yaudari mai yaudara.

A 1986 mutum kusan miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Najeriya kaɗai ta ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Jimmy Carter na Amurka da Janar Yakubu Gowon suka bi ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa da haƙa rijiyoyi. Mai ciwo na ƙarshe a ƙasar nan an same shi a 2008, a Jihar Inugu, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya.

Sai dai a Chadi, bakin kogin Chari, ya ɓulla a jikin karnuka, ana kuma zargin hanjin kifi da ake watsa musu ɗanye. Can yanzu binne hanjin ake yi. Duk lokacin da na ga masunta na gyaran kifi a gaɓar tafkin Kainji wajen Ngaski, karnuka na kewaya su, wannan labarin nake ba su.