Rigakafin Sabuwar Kwamfuta Tun Ranar Girka Ta

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Don haka ɗalibin Farin Dutse, kamar takwarorinsa na Gwaram da Birnin Kudu, ba makawa sai ya zauna a zauren da aka jera na'urori birjik. Kafin kowace na'ura ta yi aiki, sai an girka mata babbar manhaja mai sarrafa sauran, irin su Windows ko Linux.

Bin na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Saboda haka masana kan rubuta amsoshin tambayoyin girkawa a fayil guda, kamar harshe da agogo da rabon ma'adana, sai kowace na'ura ta karanta, ta girka wa kanta. Kamfanin Red Hat ya laƙaba wa wannan dabara suna Kickstart.

To, amma akwai wani hanzari. Manhajar da ke kan faifai takan fara tsufa tun ranar da aka buga ta, domin daga baya akan gano kafofin da ɓarayi ke shiga, a fitar da gyare-gyaren toshe su. A ranar 16 ga Yuli, 2003 kamfanin Microsoft ya fitar da irin wannan gyara, amma ranar 11 ga Agusta cutar Blaster ta ɓulla, ta auka wa na'urorin da ba su samu ba. A wancan lokaci, sabuwar Windows XP kan kamu cikin 'yan mintoci da haɗa ta da intanet, tun kafin ta gama sauke maganin.

Mafita ita ce a sa gyaran cikin aikin girkawa. Ko dai a cusa shi a faifan tun farko, ko kuma a umarci na'urar, ta cikin fayil ɗin nan, ta ɗauko shi daga wata uwar na'ura da ke zauren kafin ta leƙa waje. Ta haka sau ɗaya ake sauke gyaran, a rage kuɗin intanet da man janareta.

A asibitocin Nijeriya akan ɗiga wa jariri maganin shan-inna tun ranar haihuwa, kafin ya shiga jama'a. Malamin da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta ya kamata ya yi wa na'urorinsa haka.