Nzulezo: Garin da Ke Tsaye a Kan Ruwa

A can kudu maso yammacin Gana, daf da iyakar Kwaddibuwa, akwai ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba. Mai son zuwa sai ya taso daga Takoradi, ya yi tafiyar kilomita kusan 90 zuwa Beyin, wani ƙaramin gari a bakin teku. A nan titi ya ƙare, saura kwalekwale. Za a bi wata siririyar hanyar ruwa, a ratsa ciyayi da kurmin tukurwa, ana tuƙi har wajen sa'a guda, kafin daji ya buɗe a ga tafkin Tadane shimfiɗe. Ruwan baƙi ne wuluk kamar shayin da ya daɗe a wuta, saboda ganyaye da saiwoyin da ke ruɓewa a cikinsa. A bakin wannan tafki gidajen Nzulezo suke tsaye bisa dogayen turaku, mutum ɗari biyar ko fiye suna kwana suna tashi a kansu.

Sunan garin a harshen Nzema yana nufin saman ruwa. Nzemawa kuwa su ne mutanen Kwame Nkrumah, wanda aka haifa a Nkroful cikin 1909, ba nisa da nan.

Dattawan garin suna cewa kakanninsu daga Walata suka fito, tsohon birnin fatake da ke cikin Muritaniya a yau, wanda Ibn Baɗuɗa ya sauka a cikinsa a 1352. Yaƙi ne ya koro su, in ji su, dodon koɗi kuma ya yi musu jagora har ya kawo su bakin tafkin. Ko masanin tarihi bai karɓi zancen dodon koɗi ba, abu ɗaya a fili yake: wanda ya bar tudu ya kafa gida a tsakiyar dausayi, tsira yake nema. Haka mutanen Ganvie suka yi a tafkin Nokuwe na ƙasar Binin, lokacin da mayaƙan Dahome ke farautar bayi. Har gobe ranar Alhamis ta tafki ce a Nzulezo, ba a kamun kifi a cikinta.

Garin kansa hanya ɗaya gare shi, doguwar gadar katako da gwangwala, gidaje na jere hagu da dama. A kanta ake daka, a kanta ake shanya, a kanta yara ke guje-guje, ana hango ruwa ta tsakanin katakai. Akwai makarantar firamare, akwai coci, akwai 'yan shaguna da masaukin baƙi.

Wanda ya saba cewa gida shi ne fili da katanga da zaure zai yi mamakin abin da ake kira dukiya a nan. Babu fegin da za a auna, babu iyakar da za a kafa wa dutse. Abin da mutum ya mallaka shi ne itacen da ya kafa da hannunsa, itace kuwa a cikin ruwa kwanansa ƙidayayye ne. Turke yana ruɓewa daga ƙasa, inda ido ba ya gani, sai maigida ya shiga kurmi ya saro wani ya sauya, ya sake jinka, ya cire katakon da ya yi laushi. Gidan da aka bari shekaru kaɗan ba gyara, tafki ne zai gaje shi. Shi ya sa kwalekwale ya fi komai daraja a kowane gida. Shi ne jakin dawa, shi ne motar kasuwa, da shi ake kai amarya, da shi ake kai gawa, domin maƙabarta tana tudu. Gonaki ma suna can, inda ake noma rogo da ayaba da masara da kwakwa, kuma yawancin mutanen manoma ne kafin su zama masunta. Ƙasar noman kuwa, kamar mafi yawan ƙasa a Gana, tana hannun sarakuna da dangi bisa al'ada. Gado a wurin Nzemawa ta wajen uwa yake bi, yadda yaro kan gaji kawunsa, wato ɗan'uwan mahaifiyarsa.

Sai tukurwa, uwar garin. Da ita ake bango da daɓe da rufi, daga jikinta ake tatsar bammi, a dafa shi ya zama barasar da Ganawa ke kira akpeteshie, wadda ta daɗe tana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙauyen.

Ruwan da ya tsare kakanni yana tsare jikoki ta wata fuskar. Baƙo ba ya iya sulalowa ba a gan shi ba, ɓarawo kuma ba shi da lungun ɓuya a garin da hanyarsa ɗaya ce. Yaro tun yana ƙarami yake koyon iyo da tuƙi. Abin tsoro na gaske shi ne wuta. Gidajen itace da busasshen ganye manne da juna, kowanne da murhunsa, garwashi ɗaya ya isa ya cinye layi guda, kuma motar kashe gobara ba ta da ta inda za ta zo. Na biyu shi ne nisa. Wannan yanki ya fi ko'ina ruwan sama a Gana, musamman a watannin Mayu da Yuni. In naƙuda ta zo wa mace cikin dare ana tsuga ruwa, sai an shimfiɗe ta a kwalekwale, wani na haska tocila, wani na tuƙi, a yi wannan tafiyar sa'a guda kafin a taka ƙasa, sannan a nemi mota. Nisan nan shi ne kuma ke sa malaman makaranta ɗari-ɗari da zama. Ruwan sha da na wanka da na wanki duk daga tafki ɗaya ne, kuma ƙarƙashin gidaje ledoji da robobi sun fara taruwa, abin da ganyen ƙunshi na da ba ya yi.

A shekarar 2000 aka saka Nzulezo cikin jerin wuraren da Gana ke son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A wajen wannan lokaci ƙungiyar Ghana Wildlife Society, da tallafin ƙasar Holan, ta kafa shirin kare dausayin Amansuri, aka buɗe ofishin karɓar baƙi a Beyin, aka tsara yadda ƙauyukan yankin za su riƙa samun rabo daga kuɗin shiga. Matasa sun samu aikin tuƙi da jagoranci, masassaƙa na sayar da 'yan ƙananan kwalekwale na tsaraba. Baƙo kan haɗa da ganuwar Apollonia da Turawan Ingila suka gina a Beyin wajen 1770, da gaɓar tekun da kunkuran ruwa ke fitowa su yi ƙwai.

Amma baƙon nan da aka ɗaura wa rigar ceto sa'a ɗaya ko biyu yake yi ya juya. Hanyar da yake takawa yana ɗaukar hoto tsakar gidan wata ce, wadda ke wanke ɗanta ko tuƙa abinci, kuma ba kowa ke son a saita masa kyamara ba sallama. Yawon buɗe idon da ya cika littafin baƙi bai kawo tsabtataccen ruwan sha da kwashe shara da mai duba marasa lafiya a kusa ba, bai biya mutanen Nzulezo haƙƙinsu ba. Mai karatu in Allah ya kai shi, ya yi sallama kafin ya ɗaga kyamara, ya sayi abin da suka sassaƙa ba tare da ƙwaƙule farashi ba, robar ruwan da ya shiga da ita kuma ya fito da abarsa.